Tagullar da Labo ya Narkar

Ranar wata Alhamis, da la'asar sakaliya, Labo maƙeri ya naɗe aikinsa a tsumma, ya jefa guduma da awartaki da ƙusoshi biyu a burgami, ya kama hanyar tsohon mashigi. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai. Bazara ta kai bazara a Gaya, kogi ya janye can tsakiya, ya bar rairayi da busasshiyar laka.

Matarsa Zuwera ta biyo shi har bakin zaure.

"Maigida, aikin nan ba ya kwana ne? Dubi rana fa."

"Ƙusa biyu ce kawai. Kafin ki sauke tuwo na dawo."

Abin da ke cikin tsumman tambarin mota ne, na tagulla, faɗin tafin hannu, da zanen kan ɓauna a tsakiya. Motar ta Badaru ce, amininsa. Tsohuwar mota ce mai dogayen ƙafafu da rufin tanti, irin wadda ba ta tsoron rairayi ko taɓo. Kumandan Bature na ƙarshe da ya mulki garin ne ya yi ta ratsa dajin giginya da ita zuwa ƙauyukan Bana da Bengu, da zai tafi ya bar ta, ta faɗo hannun Badaru. Komai nata lafiya lau, sai tambarin goshinta da ya tsage, rabi ya faɗi ba a san inda ba. Badaru ya ce sabon kumandan, ɗan ƙasa, zai iso ranar Asabar, kuma ba zai shiga jerin masu tarya da mota mai rabin fuska ba.

Labo ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya gwada rabin da ya rage, ya sassaƙa siffar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu. Tagullar da za a zuba kuwa Badaru ne ya kawo ta, gutsattsari guda shida, an daddatse an bubbuge har ba a gane abin da suke a da.

To, a nan aka yi kuskuren. A gidan su Labo, tun kakan kakansa, ba a sa baƙon ƙarfe a wuta sai an tambayi mai shi asalinsa, sau uku, ya amsa sau uku. Garin bakin kogi ne. Sarkawa masunta suna ajiye wa mutanen ruwa kayan ado a kan duwatsu, kuma ba duk abin da ke ƙyalli a rairayi ne na tsintuwa ba. Labo ya buɗe baki zai yi tambayar, Badaru ya fashe da dariya.

"Haba Labo! Ni za ka titsiye kamar ɓarawon kasuwa? Ni da aka yi mana kaciya rana ɗaya, muka yi jinya a bukka ɗaya?"

Kunya ta kama Labo, ya haɗiye tambayarsa. Da tagullar ta narke, wutar ta yi kore, maƙerar ta cika da warin laka. Ya ce a ransa gawayin ne bai bushe ba. Kai, mutum in yana son ya yarda da wani, ba ya rasa hujja.

Tun da aka gina gada, ba mai bin tsohon mashigi. Hanyar ta cushe da ƙaya, turakun da ake ɗaure jirgin fito sun ruɓe. Can ƙasa, a kan rairayi, motar na tsaye ita kaɗai, goshinta na kallon kogi. Badaru na gefe, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Kai kuwa me ya kawo mota nan?" in ji Labo. "Ga ƙofar maƙerata a buɗe."

"Wanke ta na zo yi."

Labo ya dubi motar. Ƙura ce a jikinta har tagogi. Ruwa kuma yana can nesa, sai an yi tafiya. Kusa da tayar gaba ya ga gashin baƙar kaza da jini da ya fara daskarewa.

"Wannan fa?"

"Na masunta ne. Mu ga aikin."

Labo ya warware tsumman. Tun a gida ya goge tambarin da toka da tsamiya har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ya miƙa yana jiran yabo, amma Badaru ya mai da hannuwansa baya.

"Ka buga shaidarka a bayansa?"

"Yaushe na taɓa sakin aiki ba shaida?"

"Madalla. Kafa shi da hannunka, kada ka ajiye a ƙasa. Bari in ɗan zagaya bayan giginyar can."

Ya haura gaɓa da sauri. Labo ya bi shi da dariya, ya ce lallai cikin nan ya matsa. Ya daidaita tambarin a kan huji biyu na goshin motar, ya zura ƙusa ta farko, ya shiga bugu. Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwan tsallaken Dahome.

Ya gama ta farko. Ya ɗauki ta biyu.

Sai ya lura tsuntsaye sun yi shiru. Ɗazu balbelu na ta wucewa, yanzu ko ɗaya.

Kwaɗo ya yi kuka a ƙarƙashin motar. Wani ya amsa. Kwaɗo a bazara, a kan rairayi mai ƙona ƙafa?

Warin nan ya taso. Laka, da ɗanyen kifi, da rubabben ganye. Shi ne warin da ya cika maƙerarsa.

Ya ji sanyi a yatsun ƙafarsa. Ya duba. Ruwa ne ke tsattsafowa daga rairayi, yana cika sawun takalminsa.

"Badaru," ya kira, ba da ƙarfi ba.

Kacau.

Daga bayansa, ta wajen kogi. Ƙarar munduwar ƙafa. Sai taku ɗaya marar ƙara. Sai kuma kacau.

Ƙafa ɗaya da munduwa, ɗaya babu.

Labo bai waiwaya ba. Wuyansa ya ƙi. Idonsa na kan tambarin, kuma a cikin ƙyallin tagullar ya gan ta. Doguwar mace, gashinta ya sauko har gwiwa yana zubar da ruwa. Fuskarta ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana rawa kamar fuskar da aka leƙa a rijiya.

Ruwa ya kai masa idon sawu.

"Maƙeri," ta ce. Muryar a hankali, daf da kunnensa. "Kai ka sa munduwata a wuta?"

"Ban sani ba. Wallahi ban san taki ba ce."

"Ka tambaya?"

Ya kawar da ido daga tambarin.

"Kakanninka suna tambaya."

Ruwa ya kai gwiwa. Burgaminsa ya taso yana yawo.

"Ba ni na ɗauka ba," ya ce da raɗa. "Kawo mini aka yi."

"Na san wanda ya ɗauka. A kan dutsena ya ɗauke ta, ya daddatse zai sayar. Kwana arba'in ban bar shi ya runtsa ba." Kacau. Ta matso. "Ya nemi mai magani, aka faɗa masa duk wanda ya sa ta a wuta, laifin zai koma kansa. Sai ya kai maka. Yau ya yi mini yanka, ya ce in jira faɗuwar rana, zai kawo mini mai wutar har inda nake."

Numfashinta mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa.

"Ya cika alkawari."

Labo ya ɗaga ido sama. Ga Badaru a kan gaɓa, jikin giginya, tsaye yana kallo. Ba zagayawa ya yi ba. Wuri ya samu mai tudu.

"Badaru!"

Idanunsu suka haɗu. Badaru ya ɗora hannu biyu a ka. Sannan ya juya baya, ya tafi. Ko gudu bai yi ba.

Wannan juyawar ta fi ruwan sanyi. Labo har ya ɗan manta da abin da ke bayansa. Shekara talatin da wani abu suna cin tuwo a akushi ɗaya.

Ruwa ya kai ƙugu.

Ya lalubo awartaki. Ya kama kan ƙusar da ya buga. Aikinsa ne, ba ya fita da sauƙi. Ya ja. Ya murɗa. Ruwa ya kai ƙirji. Ya taka taya, ya fizga da duk ƙarfinsa, ƙusar ta fito da ƙara.

Ya miƙa tambarin ta bayan kafaɗa, da hannun dama, idonsa a rufe.

"Ga kayanki. Ki yi mini rai."

Ba tambarin kaɗai ta kama ba. Ta haɗa da hannun.

Yatsunta santsi, sanyi. Sanyin ya ratsa tafinsa, ya hau wuyan hannu, ya kai gwiwar hannu. Ta fara ja. Ya cafke ƙarfen gaban motar da hagu. Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Ruwa ya shiga bakinsa, ya ji ɗanɗanon laka. Yana son ya yi salati, kumfa ke fita.

Can daga gari, sama-sama, ladan ya ɗaga murya.

Jan ya tsaya.

"Tagullata ta dawo," ta ce, "amma ba ta sake shiga ƙafa. Wuta ta raba ni da adona. Kai ma kun rabu da wuta."

Ta sake shi.

Ya faɗi rub da ciki. A kan rairayi busasshe, mai ɗumi. Ba ruwa, ba kwaɗi. Kogi na can nesa inda yake. Rigarsa kaɗai ce jiƙe sharkaf, sai sawun ƙafa da ya nufi ruwa, na dama da zurfi, na hagu kamar ba a taka ba.

Da rarrafe ya hau gaɓa. Yadda ya kai gida, shi kansa bai sani ba.

Kwana uku yana zazzaɓi. Zuwera ta yi ta goge masa hannun dama, tsumma na jiƙewa tana sakewa. Hannun bai shanye ba, yana motsi, yana riƙe cokali. Sai dai kullum sanyi ƙalau, kullum ruwa na tsattsafowa daga tafin yana ɗiga.

Rana ta huɗu ya shiga maƙera. Ya zuba gawayi, Zuwera ta kawo garwashi, ta ja masa zugazugi har wuta ta yi ja. Ya miƙa hannu zai ɗauki awartaki. Wutar ta yi tsuuu, ta mutu murus, kamar an sheƙa mata tulu. Suka sake hurawa. Ta sake mutuwa. Ya ɗaure hannun a baya, ya gwada da hagu, duk ɗaya. Sau bakwai. A na bakwai Labo ya zauna a kan uwar maƙera, ya yi kuka irin na manya, ba sauti.

An je wurin malamai, an sha rubutu. An je wurin Sarkin Ruwa, tsoho ya juya hannun, ya shinshina, ya ce a gode Allah da aka bar masa rai. Maƙerar da ta ga kakanni biyar aka rufe ta da zana. Manoman Bengu suka koma kai garmunansu wani wuri.

Badaru kuwa ya shiga jerin tarya ranar Asabar, goshin motarsa da huji biyu. Ya murmure, ya yi ƙiba, barcinsa ya dawo. Sai bayan wata biyu ya iya tako zauren Labo, da farin goro a ganye. Ya durƙusa daga nesa.

"Labo, ka yafe mini. Na rasa yadda zan yi ne."

Labo ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, Badaru ya ɗan matso.

"Na ɗauka ku maƙera kuna da tsari. Na ce ba abin da zai same ka."

"Da ka yarda da haka, da ba ka hau tudu ba."

Badaru ya sunkuyar da kai, yana murza ganyen goron.

"Ƴaƴana bakwai, Labo. Kai kuwa daga kai sai Zuwera. Na duba, na duba..."

Ashe har awo aka yi. An ɗora shi a sikeli, an ga bai da nauyi. Zuwera da ke bayan zana ta saki salati.

Labo ya gyara zama.

"Ka ce in yafe. To, zo mu gaisa, a wuce wurin."

Ya miƙa masa hannun dama. Ruwa na ɗiga daga yatsun, ɗis, ɗis, a kan tabarma.

Badaru ya dubi hannun. Ya ɗago nasa har rabi, ya tsaya. Labo bai janye ba, yana jira. A hankali Badaru ya mai da hannunsa cikin aljihun riga, ya ajiye goron a ƙasa, ya fita da baya da baya.