Wanda Ya Rufe Fuskar Bodo

Sufeto Jutta Wischnewski ba ta gama shan kofinta na safe ba, Sajan Orhan ya leƙo ofis ya ce an tsinci gawa a tsohon ginin ɓuya na zamanin yaƙi da ke unguwar Buer.

"Ta waye?"

"Wani Bodo Szymaniak. Wai makaɗi ne."

Jutta ta ajiye kofin a hankali. Duk wanda ya tashi a Gelsenkirchen lokacin da ake rufe ramukan kwal ya san Bodo. Shi da abokansa, 'ya'yan mahaƙa, suka kafa ƙungiyar Ƙurar Kwal, suka fitar da faifan thrash metal, wato kiɗan jita da ganga mai tsananin gudu da ƙara, mai suna Rami na Tara. Shekara arba'in ke nan, har yanzu samari a Chile da Indonesiya suna sa riga mai hoton bangonsa. Abin da ya ɗaukaka faifan kuwa gangunan Bodo ne, gudu kamar jirgin ƙasan da birkinsa ya tsinke, amma ko kuskure ɗaya babu. Ranar Asabar mai zuwa aka shirya za su kaɗa shi daga farko har ƙarshe a babban filin gari.

Jutta na da shekara goma sha biyar lokacin da ya fito. Takan ƙure sautinsa don kada ta ji tarin babanta a ɗakin da ke kusa.

"Kin san shi ne, ranki ya daɗe?"

"Ɗauko mota, Orhan."

Bangon ginin ya yi kaurin da ko bam ba ya fasawa, ƙara ma ba ta fita, shi ya sa makaɗa ke haya a ciki. Matar da ke shara ce ta ga gawar, tana zaune a matakala.

Bodo na kwance rigingine kusa da gangunansa. Likita ya ce da gindin ƙarfen makirfo aka buge shi a ƙeya, tun jiya da la'asar. Ba a ɓalla ƙofa ba. Akwai kofuna biyu a kan tebur, ga wata durowar ƙarfe a buɗe, ba komai ciki. Kusa da ita akwai tsohon injin kunna tef, an jona shi da wuta, amma ba tef a kai.

Abin da ya tsaya wa Jutta a rai shi ne yadda aka gyara shi. An miƙe masa ƙafafu, an ɗora hannuwansa a ƙirji, an sa masa sandunan kiɗa tsakanin yatsu. Fuskar kuma an lulluɓe ta da falmaran ɗin jins, irin wanda masoyan wannan kiɗa ke cikawa da tambura. Jini ya jiƙa rabinsa.

"Ɓarawo ba ya yin haka," in ji Orhan.

"Ba ya yi. Wanda ya yi wannan ya zauna kusa da shi bayan ya mutu."

Daga nan suka wuce gidan Detlef Kuhlmann, mawaƙin ƙungiyar. Sai da suka ji ana jan wani abu mai nauyi daga bayan ƙofa kafin ta buɗe. Mutumin da muryarsa ta taɓa firgita iyaye mata a faɗin ƙasar yana tsaye da silifa, riƙe da wuƙar yanka burodi.

"Ajiye wannan, Malam Kuhlmann. Yaushe rabonka da Bodo?"

"Tun Lahadi."

"Kun yi faɗa?"

"Ni da Bodo? Shekara hamsin muna tare."

"Mai kantin da ke gaban ginin ta ce shekaranjiya ta ji ka kana ce masa zai binne ku da ranku," in ji Orhan.

Detlef ya zauna a kan kujera kamar an tura shi.

"Wa kake tsoro haka?" Jutta ta tambaya.

"Yau da safe wani ya zo. Na leƙa ta hudar ƙofa, ya toshe ta da yatsa. Bai ce komai ba. Sai ya soma ƙwanƙwasa ƙofar, da salon gangar da ke buɗe faifanmu. Ya yi shi daidai, har ƙarshe. Da ya ji maƙwabcina na saukowa sai ya tafi."

"Me ya sa wani zai neme ku?"

Detlef ya rage murya.

"Ba Bodo ne ya kaɗa gangunan nan ba."

"To wa?"

"Inji. Ana saura mako mu shiga ɗaukar sauti ya faɗi a babur, ya karya tsintsiyar hannu. Mai haɗa mana sautin ya zo da wani ɗan akwati, ya tsara komai, ya ɓata shi kaɗan don ya yi kama da hannun mutum. Muka rantse ba za mu faɗa ba. Bodo ya ƙare rayuwarsa yana bin inji a guje. Bana ya ce ya gaji, ranar Asabar zai faɗa wa jama'a daga kan dandamali."

Jutta ta tuna durowar da suka gani a buɗe.

"Me ke cikin durowar ƙarfen?"

"Uwar tef ɗin, wadda aka fara ɗauka. Kowane kayan kiɗa da layinsa daban. Idan aka ware na ganga, har muryar Bodo za a ji yana dariya yana cewa a ƙara wa injin gudu."

"Wa ya sani bayan ku?"

"Mai haɗa sautin ya mutu, sauran 'yan ƙungiyarmu biyu ma haka. Amma Bodo ya ce akwai mutum ɗaya da zai fara faɗa wa, wai ya cancanci ya ji daga bakinsa. Bai gaya mini ko waye ba." Ya kama hannun rigarta. "Kada ku tafi ku bar ni, Sufeto. Zai dawo."

Ta bar Orhan a wurinsa, ta tafi ita kaɗai wajen Renate, matar Bodo.

Idanun Renate sun kumbura da kuka, amma tana amsa tambaya a natse. Ta ce jiya Bodo ya yi ta kai da kawo kafin ya fita, bai ci abincin rana ba.

"Ya ce wa zai gani?"

"Cewa ya yi zai je ya karya zuciyar wani, gara ya yi da wuri."

Jutta ta nuna mata hoton falmaran ɗin a waya. "In an gama bincike za mu dawo miki da rigarsa."

"Wannan ba tasa ba ce."

"Kin tabbata?"

Renate ta tashi ta buɗe kabad. Ga falmaran ɗin Bodo a rataye. "Tun da ya yi tumbi bai ƙara sawa ba."

Jutta ta fito ta sake duba hoton. Mai kisan ne ya tuɓe rigarsa ya rufe fuskar. Amma masu irin wannan riga a garin sun fi a ƙirga, kuma don bikin Asabar wasu na ta sauka daga jiragen ƙasa. Mutum ɗaya ne zai iya kallon tamburan ya gane mai su: Heiko Jablonski, mai shagon faifai a bayan tsohuwar kasuwa. Unguwarsu ɗaya da Jutta, shi ya ba ta kaset ɗin farko. Bai taɓa fashin wasan ƙungiyar ba, ɗansa ma sunan Bodo ya sa masa. Ta daɗe ba ta leƙa shi ba.

Ta tarar da allon "an rufe" a ƙofar shagon, amma da ta ƙwanƙwasa ya buɗe.

"Ƙanwata 'yar sanda. Sai da aka yi mutuwa kika tuna da mu."

"Ka ji labari ke nan."

"Gari duk ya ɗauka. Sauko ƙasa, ina haɗa kofi."

Ɗakin ƙasan nan ne ya mayar kamar wurin ibada: hotuna, tsofaffin tikiti, fatar gangar da Bodo ya fasa a wani wasa, an sa ta cikin gilashi. Ba taga. Jutta ta sauka tana lalubar wayarta.

"Jiya da la'asar kana ina?"

"Dortmund, wajen baje kolin faifai. Tambayar aiki ce ko ta zumunci?"

"Kowa nake tambaya. Akwai wata riga da nake son ka…"

Ta ɗago kai, maganar ta maƙale. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin Heiko ba falmaran ba. Da shi ya je ɗaurin aurensa, da shi ya binne uwarsa. Yanzu ga shi tsaye da baƙar riga kawai, kafaɗunsa sun yi wani iri kamar na tsuntsun da aka fige.

Ya ga inda take kallo. Ya miƙa hannu baya ya murɗa makullin ƙofar matakala, ya jefa shi aljihu.

Ta dubi wayar. Ba sabis a ƙarƙashin ƙasa. Bindigarta na ƙugu, ƙarƙashin kwat ɗin da ta ɓalla har wuya saboda sanyi. Shi kuwa ya ninka ta girma, ga guduma a kan teburin da ke tsakaninsu, ga wani faffaɗan kwali mai zagayen tef kusa da ita.

"Ina rigarka, Heiko?"

"Idon Bodo a buɗe yake. Ya ƙi rufuwa."

"Zauna mu yi magana."

"Kin san me ya yi? Ya ba ni kofi, ya ce in saurara. Ya kunna. Ba jita, ba murya, sai gangar. Jutta, tak-tak-tak, kamar agogo. Sai na ji shi yana dariya a ciki." Ya ɗauki gudumar, yana juya ta a hannu. "Ranar da aka rufe raminmu, babana ya dawo gida ya zauna, bai sake zama mutum ba. Suka ce inji ya fi mu arha. Ni kuwa ina da abu ɗaya da nake nuna wa duniya. Ga ɗan mahaƙi, da hannunsa biyu, ya yi abin da ba injin da zai iya. Shekara arba'in ina faɗa wa yara haka a shagon nan."

"Ni ma na yarda da shi."

"To kin gane ke nan. Na roƙe shi. Na durƙusa. Ya dafa kaina ya ce, 'Haba Heiko, kiɗa ne fa kawai.' Ya juya zai cire tef ɗin."

Jutta ta soma ɓalle maɓallin kwat na sama, a hankali, kamar zafi take ji.

"Detlef fa? Me ka je yi gidansa?"

"Shi kaɗai ya rage da ya sani." Ya tsaya, ya dube ta sosai. "Ya faɗa miki."

Ta kai hannu ga maɓalli na biyu.

"Ya faɗa miki," ya maimaita, muryarsa ta yi ƙasa. Ya zagayo teburin.

Jutta ta ja baya har bayanta ya bugi gilashin fatar gangar. Maɓalli na biyu ya ƙi fita.

"Da Orhan muka ji. Ya riga ya kira ofis. Mutum nawa za ka bi, Heiko? Ni ce fa. Kai ka raka ni asibiti ranar da babana ya cika."

Ya tsaya, gudumar a ɗage rabi. Ta fizge kwat ɗin, maɓallan suka watse a ƙasa, ta zaro bindiga ta riƙe da hannu biyu.

"Ajiye. Don Allah kada ka sa ni."

Ya kalli bakin bindigar, ya kalli kwalin tef ɗin.

"Tun jiya nake son in farfasa shi. Na kasa. Shi ne fa na asali."

Gudumar ta faɗi. Ya juya da kansa ya haɗa hannuwansa a baya. Sai da ta gwada sau biyu kafin ankwar ta kama.

Da motar sintiri ta iso, Orhan ya fito daga ciki, ya sa safar hannu ya ɗauki kwalin, ya zura shi cikin jakar shaida. Heiko ya bi shi da ido.

"Ina za ku kai shi?"

"Ma'ajiyar shaida."

"Daga nan fa?" Ya juyo wajen Jutta. "Ƙanwata, ba sai kowa ya ji ba. Ku ce faɗa muka yi. Ku ce na bugu. Duk abin da kuka rubuta zan sa hannu."

Jutta ta so ta yi masa ƙarya. Ta buɗe masa ƙofar motar, ta kare kansa da tafinta kada ya bugi ƙarfe.

"Alƙali zai nemi dalili, Heiko. A kotu za a kunna shi, gaban 'yan jarida."

A tsallaken titi wasu samari da suka zo bikin daga nesa suna tsaye da jakunkunansu, suna jiran a buɗe shagon. Ɗaya daga cikinsu ya gane shi, ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Heiko ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, motar ta ja.