Tsumma Biyu na Malam Datti

A bakin lambun Malali Yusha'u ya fara ganin Turai, cikin daminar 1956. Yana yankar wa zomaye ciyawa, tana tsinkar alayyafo. Ta ce ba ta taɓa ganin mai farin wando da lauje ba. Washegari ya sake dawowa, alhali zomayen ba su cinye ta jiya ba.

Aikinsa a ɗakin gwaji na gwamnati ne. Ana yi wa zomo allurar ruwan jinin mutum, jikinsa ya yi abin yaƙi da shi. In 'yan sanda suka kawo riga mai tabo, sai a jiƙa tabon, a haɗa da ruwan jinin zomon a 'yar kwalba. In jinin ɗan'adam ne, farin zobe zai fito tsakani. In na dabba ne, shiru.

Bayan an kai goron neman aurenta, Maliki, wanda Turai ta ƙi tun bara, shi ya kai wa mahaifinta Malam Datti gulmar cewa yaron tsafi yake wa Turawa, yana shayar da zomaye jinin mutane. Malam ya hana Yusha'u ƙofar gida.

Turai ta aiko masa da takarda da ajami: "Sanyin idona, Baba zai zo wurin aikinka Laraba. In bai gamsu ba, zai mayar da goronku. Ni kuwa ba na saɓa masa. Ka riƙe gaskiya."

Malam ya zo, bai amsa gaisuwa da kyau ba. Ya ajiye tsumma biyu masu busasshen jini.

"Yaro, in ilimi ne ba duba ba, nuna mini na mutum."

Yusha'u ya nemi izinin babban likita, ya jiƙa kowanne daban. Malam ya zauna a benci yana jan carbi har bayan azahar. Aka haɗa ruwan, aka zuba ido.

Kwalbar farko ba komai. To, ta biyun ce ke nan. Minti goma, minti ashirin, ita ma fes.

Yusha'u ya sake duba kwalaben. Ko ruwan zomon ne ya lalace? Zuciya ta ce ya nuna ɗaya kawai, ko ya dace. Ya huda yatsansa, ya gwada da nasa jinin. Zoben ya fito fari tas. Ashe ruwan lafiyarsa lau.

Ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, babu na mutum a ciki."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba. Abin da na gani na faɗa."

"Ko da Turai za ka rasa?"

Yusha'u ya ce, "Ko da ita ce."

Malam ya naɗe carbi. Ya ce jinin rago ɗaya ya shafa wa duka biyun, domin ya san boka ba ya cewa babu, dole ya zaɓi ɗaya.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Da aka kai amarya, Turai ta ce wa Yusha'u ashe ya yarda ya rasa ta. Ya ce ranar bai iya cin abinci ba. Ta yi dariya cikin mayafi, ta ce ta yafe, amma sau ɗaya.

Allah ya ba su zuriya mai tsoron ƙarya, amin.