Kabad ɗin Malamar Adabi

Ƙarfe tara na safe shugaban makarantar sakandaren ya faɗo ofishin Sufeton 'yan sanda, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Yallaɓai, an sace takardun jarrabawar adabi na 'yan ajin ƙarshe, su sittin da biyu. Ƙarfe huɗu motar hukumar jarrabawa za ta zo karɓa. In babu su, shekarar yaran nan ta tafi a banza."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya yafito Saje.

A ɗakin malamai suka tarar da kabad a buɗe, kwaɗo a ƙasa, dutse a gefe. Sufeto ya tsuguna. Ƙofar duk ta sha duka, wani tabon ma taƙi guda ne tsakaninsa da kwaɗon. Wanda ya yi aikin nan ya fi samun katako a kan ƙarfe.

Malamar adabi na zaune a kusurwa, dattijuwa ce, shekara ashirin da shida tana wannan aji.

"Jiya da la'asar na gama dubawa, na sa maki, na kulle," in ji ta.

"Kin kwafe makin?"

"Yau na yi niyya."

Shugaba ya riga ya tsare mai gadi a sito. Tsoho ne.

"Baba, wa ya shigo bayan an tashi?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To, kabad ɗin ne ya fasa kansa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Na ƙona su."

"Ina tokar?"

"Iska ta kwashe."

"Ambulan ɗin wane launi ne?"

"Fari."

Ruwan ƙasa ne, shugaba ya faɗa tun a mota. Sufeto ya fito ransa a jagule. Tsohon nan wani yake rufa wa asiri, ga rana ta take tsaka.

Ya shiga ajin. Yara sun yi jugum, wasu idanunsu sun kumbura. Ya karɓi littafin rubutun wata ɗaliba ya buɗa. Shafukan farko cike suke da jan biro: "Ban ce ki ba ni labari ba. Me ya sa jarumin ya yi shiru? Kawo hujja daga littafin." Daga zango na biyu sai jan biron ya ɗauke, saura lamba kawai, ƙatuwa, a karkace, wani lokaci a kan rubutun ma.

"Me ya sa ta daina yi muku gyara?"

"Ba ta daina ba, yallaɓai. Yanzu miƙewa muke mu karanta mata sharhinmu, ta gyara mana da baki."

Ƙarfe biyu da rabi ya koma ɗakin malamai. Ya ciro takarda ya miƙa wa Malama.

"Ga bayanin da kika ba ni. Karanta, ki sa hannu."

Ta riƙe ta jim kaɗan, tana gyaɗa kai. "Daidai ne."

"Malama, jadawalin share aji ne a hannunki."

Ta ajiye takardar a kan tebur.

"Wata bakwai ke nan," ta ce a hankali. "Likita ya ce jijiyar ido ce, ba ta dawowa. Da kunne nake aiki. Amma takardar jarrabawa ba ta magana, doka kuma ta hana wani ya karanta mini. Kwana uku ina riƙe da su, layukan na yawo kamar tururuwa a ruwa. In na sa maki da ka, na zalunci yaro. In na faɗa, a sallame ni, ni da ban iya komai ba sai wannan. Na ɗauka in aka ce sata ce, za a sake musu, wani ya duba."

"An daina sakewa tun farkon zango," in ji shugaba. "Sanarwar na nan manne a bayanki."

Ta juya ta dubi bangon, ta daɗe, sannan ta rufe fuska da mayafi.

"Suna ina?" Sufeto ya tambaya.

"Ɗakin karatu, bayan tsofaffin rajistoci. Baba mai gadi ya gan ni, bai ce mini uffan ba. Don Allah ku sake shi."

Saje ya ruga, ya dawo da ambulan ɗin, takardu sittin da biyu cif, babu ɗigon ja ko ɗaya. Shugaba ya yi waya yana roƙo kamar zai durƙusa, har hukuma ta yarda ta karɓe su haka, ta ba wani ya duba.

"Sai mun je ofis, Malama," in ji Sufeto.

Ta miƙe tana laluben jakarta. "Akwai yarinya a bencin ƙarshe, rubutunta kamar tonon kaza, amma ta fi kowa gane littafin. A gaya wa mai dubawa ya daure ya karanta nata har ƙarshe."

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya wuce gabanta zuwa bakin ƙofa.

"A hankali, Malama," ya ce. "Matakala uku ce."