Farantin Zinatu

Ja'afaru ya shiga zauren unguwa na Levenshulme ne don ya fake wa ruwan sama, sai ya tarar da wata budurwa tana goga wuƙa a bakin farantin tangaran tana waƙa. Ruwan ya ɗauke, shi bai sani ba.

"Wannan wane irin kiɗa ne?" ya tambaye ta bayan an tashi.

"Tsohuwar samba ce," in ji Zinatu. "Mamana 'yar Brazil ce, Allah ya jiƙanta. Farantinta ne wannan. Hukumar gari za ta rufe wurin nan, in na yi shiru waƙoƙinta sun tafi ke nan."

Kafin wata uku ya koma kiranta Zinariya.

Matsalar ita ce Kawu Ashafa na Birmingham, waliyyinsa, wanda ba ya son jin sunan mawaƙa. Ranar da zai zo gaisuwa gidansu Zinatu a Old Trafford, gogan naka ya tsorata, ya tura saƙo:

"Zinariya, don Allah kar a ambaci waƙa yau. Just today."

"To," kawai ta amsa.

Ta cusa farantin cikin kwanukan kicin. Matar babanta ba ta lura ba, ta zuba wa Kawu tuwo a ciki. Ja'afaru yana kallon Zinatu tana kallon farantin. Ya tsame hannunsa daga abincin.

Ranar Asabar ya je zauren, aka ce ba ta zo ba.

"In kunyar waƙoƙin mamana kake ji, gara na bari," ta rubuto masa.

Ya karanta ya ji ya tsani kansa. Washegari ya kama jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

"Kawu, na ɓoye maka. Mawaƙiya ce, waƙoƙin marigayiya mahaifiyarta take rayawa. Farantin da ka ci tuwo a ciki ma da shi take kiɗa."

Kawu ya dube shi.

"Kai ka sa marainiya ta ɓoye uwarta? Ni ba na son waƙa, amma wannan ya fi muni. Tashi ka je ka ba ta haƙuri."

Sai da ya sha zarya kafin ta yafe.

An ɗaura aure a Birmingham. A wajen walima Kawu ya sa aka kawo farantin, da kansa ya miƙa mata.

"'Yata, na ci abinci a kayan mahaifiyarki ban yi mata addu'a ba. Allah ya jiƙanta, ya yi muku albarka. Rera mana."

Ja'afaru ya miƙo mata wuƙar.