Rabon Mai Tulu

Wata Laraba ce a tsakiyar zafin Maris. Na tashi daga ofis bayan la'asar, na kama hanyar Idu, can bayan masana'antu, don in duba lambun tumatirina. Tun daga nesa raina ya ɓaci. Ganye ya yi yaushi, ƙasa ta tsattsage, ga 'ya'ya sun fara nuna. In aka ƙara kwana biyu babu ruwa, wahalar wata uku ta tashi a banza.

Rafin da muke ban-ruwa da shi ya ƙafe, saura gurbi ɗaya a gindin wata tsohuwar ɗorawa. A tsakiyarsa akwai dutse. Dokar manoman wurin ita ce, da zarar kan dutsen ya leƙo, an daina ɗiba sai ruwa ya sake rufe shi. Mama Justina, dattijuwar Gbagyi mai noman alayyafo kusa da ni, ta taɓa ja mini kunne.

"Oga Nasrullahi, in dutse ya fito, ruwa ba namu ba ne. Akwai mai shi."

Dariya na yi. Ni da digiri biyu a ce dutse zai ba ni oda? Haba!

A wannan Larabar kuwa, kan dutsen ya fito sosai, kuma kowa ya tashi. Na sauke injin ban-ruwa daga but ɗin mota, na jefa tiyo, na ja igiya. Warin fetur ya cika wurin. Ruwa ya shiga kwanciya a fangali ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa har da 'yar waƙata. Kafin rana ta faɗi gurbin ya koma taɓo, tarwaɗa na ta mutsu-mutsu a ciki.

Sai kwaɗi suka yi tsit.

Ƙugin masana'antun da ke bayanmu ya ɗauke. Na dubi injina. Yana jijjiga, yana hayaƙi, amma babu ƙara.

Sai ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa ya bugi hancina. Babu ko gajimare a sama.

Caɓ. Caɓ. Caɓ.

Wata mata ce ke saukowa rafin, da tulu a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Na zaci Mama Justina ce.

"Mama, sannu da yamma."

Ba ta waiwayo ba. Duk inda ta ɗaga ƙafa, taɓon wurin sai ya bushe ya dare. Ta durƙusa, ta kara tulun. Na ji bakinsa yana kartar dutse.

"Wa ya shanye?" ta ce a hankali, kamar a cikin kunnena.

Gorar roba ta ruwan sha da ke hannuna ta lotse. Murfinta a rufe, amma babu ko ɗigo.

Gumin rigata ya bushe. Yawu ya ƙafe. Na so in ƙifta ido, fatar ta ƙi sauka.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

A cikin tulunta yake ɗiga. Wallahi nan na gane daga jikina take cika shi.

Na so in ja Ayatul Kursiyyu, harshe ya manne a ganɗa. A zuci na karanta. Da rarrafe na kai ga injin, na kashe. Na rarumi fartanya, na sari bakin fangalin farko. Na biyu. Na uku. Ruwa ya juya gangare, yana tumɓuke tumatirin da na yi duk wannan don su, yana komawa gurbi.

Ya hau dutsen. Ya hau. Ya tsaya.

Ta auna da hannu.

"Saura yatsa biyu."

Ƙasa ta riga ta shanye wannan. Ta saɓa tulunta, ta bi bayan ɗorawar, ba ta ɓullo ta ɗaya gefen ba. Kwaɗi suka ɓarke. Daga nesa na jiyo kiran sallar magariba.

Tumatir dai ya ƙone. Mama Justina ta dubi fangalin da na farfasa, ta dubi busassun leɓɓana. Ita ta koya mini rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa, da ban-ruwa da gwangwani da sassafe. Injin kuwa na rabu da shi.

Amma tun daga ranar, ko a ofis ko a gida, in na cika kofi, kafin ya kai bakina ya ragu da yatsa biyu. Na saba, na ce bashin ruwanta nake biya.

Shekaranjiya muna cin abincin rana, 'yata Zuhra, mai shekara biyar, ta ɗaga kofinta tana leƙawa.

"Baba, wai wa ke shan ruwana?"