Baƙon da Ya Zo Jamus a Kaskon Turare

A watan Disamba rana ba ta daɗewa a Leipzig. Kafin a tashi daga la'asar duhu ya fara taruwa a kan rufin gidaje, titi ya yi tsit, kowa ya shige cikin rigar sanyinsa. A irin wannan yammaci ne Zuhura ta dawo daga jami'a, ta hau benen ɗalibai masu iyali, ta ɗora shinkafa da madarar kwakwa. Mijinta Hemedi bai taso daga wurin aiki ba tukuna. 'Yarsu Subira, mai shekara tara, tana kan tebur tana aikin makaranta.

Sai wani abu ya faɗo tsakar ɗaki, ya gangara, ya tsaya a ƙafar Zuhura.

Dutse ne fari mai ramuka, irin na bakin teku da ake gini da shi a garinsu, Pangani. Ta ɗauka ta ji shi da ɗumi, kamar yanzu aka tsinto shi daga rana, yana warin gishiri. Ta dubi tagogi, a rufe suke ruf. Ta dubi rufi, lafiya lau. Zuhura mace ce da ta saba auna abu kafin ta yi magana, shekarunta a Jamus duk a kan binciken gishirin da ke shiga rijiyoyin garinsu suka tafi. Ta ajiye dutsen a gefe, ta ci gaba da girki.

Washegari da magariba wasu suka faɗo. Rana ta uku ma haka. Wata tsohuwa da ke zaune a ƙasansu ta fara buga rufinta da sandar tsintsiya tana faɗa. Daga nan sai murya ta shigo, can ƙasa-ƙasa, daga saman kabad, tana kiran Zuhura da sunan da kakarta, Bibi, kaɗai ke kiranta da shi.

Zuhura ta san abin da ke saman kabad ɗin. Kaskon turaren Bibi ne, naɗe cikin zani. Ranar da za ta taho tsohuwar ta danƙa mata shi, ta ce kowace Alhamis da magariba ta sa garwashi da turare, kada ta tambayi dalili. Alhamis ɗin farko a Jamus ta cika alkawari. Hayaƙin na tashi, na'urar gobara da ke manne a rufi ta ɓarke da ihu, mutanen bene suka zubo waje cikin sanyi, 'yan kwana-kwana suka zo. Tun daga ranar ta naɗe kaskon. Bibi ta rasu bayan nan, maganar ta bi ta.

Saura kwanaki kaɗan ta tsaya gaban farfesoshi ta kare bincikenta, abin ya koma kan Subira. Rana na faɗuwa sai yarinyar ta ajiye cokali, ta duƙa a kusurwa tana rawar ɗari. Ita da ko mafarki da Jamusanci take yi, sai ga Swahili irin na tsofaffin masunta yana fita daga bakinta, da muryar namiji mai kauri.

"Mu koma gida. Mu koma gida."

Hemedi ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado.

"Maman Subira, digiri ko 'ya? Faɗa mini in ji."

"Duka biyu, Baban Subira."

"Kina ji fa abin da yake cewa!"

"Na ji. Shi ya kawo ni ƙasar nan da zai ce in tashi? Mayar da akwatin."

A masallacin bayan tasha aka nuna musu wani dattijo, Mzee Makame, ɗan Zanzibar da ya zo karatu tun ana Jamus ta Gabas, ya yi aikin injiniya har ya yi ritaya, ga haddar Alƙur'ani. Ya iso ranar Alhamis, sararin sama ya fara yin toka. Ya tuɓe takalmi, ya nemi shayi mai citta, ya sha a nutse. Da duhu ya sauko ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu, a hankali, don kada tsohuwar ƙasa ta ɗauko tsintsiyarta.

Ɗakin ya yi sanyi har numfashi na fita kamar hayaƙi. Subira ta ɗago kai.

"Daina, dattijo. Kana ƙona ni."

"Ai na ɗauka sanyi kake kuka da shi," in ji Mzee. "Wane ne kai?"

"Na gidan ne. Tun zamanin kakar kakar Zuhura nake cikin kaskon can. Ta ɗauko ni ta kawo ni ƙasar da ba rana, ba teku, ta rufe ni a zani kamar tsumma. Ko ƙamshi ta hana ni."

"Me kake so?"

"Su tattara su mai da ni, su duka, kafin Alhamis mai zuwa. In ba haka ba, yarinyar tana da ɗumi. Ina nan."

Hemedi ya rufe fuska. Mzee ya juyo zai yi magana, amma Zuhura ta riga shi. Ta durƙusa daf da 'yarta.

"Saurara, tsoho. Ni kafin in shigo ƙasar nan sai da na yi layi, na koyi yarensu, na ci jarrabawa. Kai ka maƙale a kayana ka shigo, ko sallama babu. Sannan kai ne mai ba da umarni? Rijiyar da Bibi ta sha ta zama gishiri, kana nan kana kallo ba ka gyara ba. Ni na zo koyon gyara ta. Ba inda za ni sai na gama."

Dutse ya faɗo, ya fasa kofin shayi. Mzee ya ɗaga karatu kaɗan. Yarinyar ta yi ƙara, ta dafe kunnuwa.

"To turare! Ta ba ni turarena kowace Alhamis, in bar yarinyar."

"Ba ka da abinci a gidan nan," in ji Mzee. "Ba ka da shi a wurin Musulmi ko'ina."

"Ko kaɗan?"

"Ko ƙwaya," in ji Zuhura.

Da muryar ta dawo, ta tsufa, ta yi laushi.

"Ban san hanya ba. A rufe aka kawo ni."

Zuhura ta miƙe, ta sauko da kaskon, ta kwance zanin. Ta buɗe taga har ƙarshe, iska mai ƙanƙara ta bugo labule. Ta ɗora kaskon a bakin tagar, ta nuna da yatsa.

"Kudu ke nan. Ka miƙe, in ka ji ɗumi ka kusa. Ka gaishe da kabarin Bibi, ka ce ina tafe, amma da ƙafata."

Mzee ya sa shi ya rantse ba zai waiwayo ba, ya rantse. Subira ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin ubanta. A bakin taga kaskon ya ce ƙas, ya rabe biyu.

Can yarinyar ta buɗe ido, ta ce da Jamusanci, "Mama, rufe taga mana, sanyi."

Ranar kare bincike, babban farfesan ya tare Zuhura a bakin zaure, ya ce kada ta ji tsoro, tambayoyin za su yi zafi. Ta gyara mayafinta, ta taɓa farin dutsen da ke aljihunta. Ya huce tuni, sanyi ƙalau kamar kowane dutse.

"Bismillah," ta ce. "Ku tambaya."