Wayoyi Goma Sha Biyu a Akwatin Baba

Ranar da ta fara zuwa shagonsa, daga cikin safa ta ciro wayar.

Safa ce ta maza, ruwan toka, an ƙulle bakinta da zare. Saurayin da ke bayan gilashi ya shekara shida yana saye da sayar da tsofaffin wayoyi, ya ga abubuwa iri-iri, amma bai taɓa ganin wannan ba. Ya danne dariyarsa, domin mai safar ba ta yi kama da wadda ta zo wasa ba. Doguwa ce, da garin alli a hannun rigarta, sai duba agogo take yi.

Alƙali ake ce masa a layin masu waya. Bai taɓa taka kotu ba, sai dai in ciniki ya rikice wurinsa ake kawo waya ya faɗi kuɗinta, kuma ba ya tauna magana.

"Ba sayarwa zan yi ba," ta ce. "Kuɗinta kawai nake son ji."

Ya kwantar da wayar a kan gilashi, ya ɗan tura kusurwarta da yatsa. Ta juya sau biyu kafin ta tsaya.

"Me kake yi haka?"

"Wayar da batirinta ke lafiya kwanciya take yi sosai, ba ta juyawa. Wannan cikinta ya fara kumbura. Yaushe rabon da a kunna ta?"

"Shekara uku."

Ya faɗa mata gaskiya: yau ba za ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka saye ta ba.

"Ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta fa," ta ce, ta haɗe rai.

"Ba ƙwarzane kaɗai ke cin kuɗin waya ba, Malama, har da lokaci. An haifa mata ƙanne uku, duk sun fi ta kamara."

Sai ya ga ta nemi benci ta zauna. Da ƙyar ta ce, "Goma sha biyu ne."

Sai ta ba shi labari. Mahaifinta ya shekara talatin yana tsaron ɗakin ajiyar kaya a wani kamfani, ya kuma fito da imanin cewa abin da aka adana da kyau ba ya faɗuwa. Da aka biya shi kuɗin sallama, ɗan amininsa, wani ɗan gayu da ake kira Ɗan Kwalisa, ya sayar masa da wayoyi goma sha biyu na hannu, ya ce kowace shekara tashi suke yi. Baba ya sa kowacce a safa, ya jera su a akwatin ƙarfe, ya tura ƙarƙashin gado. In an tambaye shi sai ya ce, "Na auren Auta ne." Autar ita ce wannan malamar firamare, kuma Mama ce ta sato mata makullin.

Alƙali ya ji tausayin tsohon da bai taɓa gani ba. 'Yar kuwa, abin da ya ji game da ita ya wuce tausayi, kuma tun kafin ta fita ya san haka.

Mako na gaba ta kawo wata, wai ko ita ta fi lafiya. Ta kawo ta uku, ta kawo ta huɗu. A zuwa na biyar sai da ta zauna, suka yi hira har rana ta karkata, sannan ya ce, "To, ina wayar?"

Ta laluba jaka. Babu.

"Yau mantawa na yi."

"Allah ya ƙaro mana mantuwa."

Ta rufe fuska da littafin darasi, maƙwabtansa kuwa suka yi kamar ba su ji ba.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Malamata, yau na yi wa mutum uku kuskuren canji. Ki zo ki ga abin da kika jawo."

"Alƙalina, ni ma na rubuta kwanan watan jiya a allo, yara suka gyara mini. Mun yi kunnen doki."

Amma shi hankalinsa bai kwanta ba. Ya san wata sabuwar waya na nan fitowa ƙarshen wata, kuma duk fitowar sabuwa sai tsofaffi sun sake faɗuwa. Kullum sai ya tuna mata.

"Malamata, ki lallaɓa Baba a sayar da su kafin ƙarshen wata. Kowace safiya raguwa suke yi."

"Wa zai faɗa masa? Ni dai bakina ba zai iya ba."

Ranar da ya je gaida Baba, komai ya fara da kyau. Ya durƙusa, ya gaishe shi, ya amsa tambayoyi a natse. Aminin Baba na zaune, Ɗan Kwalisa ma na gefe yana kaɗa makullin mota, turarensa ya cika falon. Da Baba ya ji sana'ar baƙon, sai fuskarsa ta washe. Ya tashi da kansa ya jawo akwatin.

"Tunda aikinka ne, duba ka faɗa wa mutanen nan abin da na tara."

Auta na bayan labule tana girgiza masa kai. Ya gan ta sarai. Ya so ya ce sai ya duba a shago, ya so ya ce wani abu mai laushi. Amma hannunsa ya riga shi. Ya kwantar da ɗaya a kan tebur, ya tura, ta juya.

"Baba, ka yi haƙuri. Sun faɗi ƙwarai. In aka samu kashi ɗaya cikin huɗu, an gode Allah."

Ɗan Kwalisa ne ya fara dariya.

"Ai haka suke yi, Baba. Su kushe kaya, su saye a banza, gobe ka gan shi a gilashi da kuɗi ninki uku. Ni da ma na yi mamakin wannan zarya da yake yi."

Baba ya mayar da wayar cikin safarta a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Tashi ka tafi. Kada ka sake tako mini gida."

Maganar Ɗan Kwalisa ba Baba kaɗai ta shiga ba. Auta ta zauna ta bi saƙonninsu tun daga farko, sai ta ga kusan kowane na uku maganar sayarwa ce. A sayar, kafin ƙarshen wata, a yi sauri. Ta rubuta masa abin da ta daɗe tana nadamarsa.

"Ka faɗa mini gaskiya tunda ita ce sana'arka. Ni kake so, ko akwatin?"

Ya karanta sau huɗu. Abin ya yi masa ciwo sosai. Ya rubuta amsa mai tsawo, ya goge, ya bar layi ɗaya.

"Ku kai su kowane shago ban da nawa."

Kwana tara suka wuce, har yanzu ba wanda ya nemi wani. Ya kasa zama a shago, ya fita ya dawo, ya goge gilashin da ya riga ya goge. Ita kuma ta rame, abinci sai an matsa mata. Ɗan Kwalisa ya samu fili, kullum yana gidan, har mahaifinsa ya fara yi wa Baba zancen haɗa zumunci. Baba bai ce a'a ba.

Mama ce ta gaji. Mace ce marar yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ta kwana tana aiki. Tana zuba wa Baba shayi ta ce, "Tunda Ɗan Kwalisa ya ce sun tashi, ka sayar masa da biyu mana, ko a kuɗin da ka saya. Ai riba ka ba shi."

Baba ya ga wannan hanya ce ta rufe bakin kowa. Ya kira Ɗan Kwalisa. Yaron ya ce zai zo gobe. Gobe ta yi, ya ce tafiya ta kama shi. Jibi wayarsa a kashe.

A cikin kwanakin nan sabuwar wayar ta fito.

Ranar Asabar da hantsi Alƙali ya ɗago kai ya ga Baba a ƙofar shago, rungume da akwatin ƙarfe, gumi ya jiƙa masa riga. Ya yi sauri ya karɓa, ya ba shi kujera da ruwa. Baba bai sha ba.

"Nawa ne yau?" ya ce. "Ka yi tunani kafin ka amsa. Ka san abin da ke hannuna."

Alƙali ya sani. Yana da ɗan abin da ya tara na kama gida. Zai iya faɗin kuɗi mai daɗin ji, ya cika daga aljihunsa, tsoho ya koma gida da mutuncinsa, shi kuma ya samu Auta. Ya fito da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kowacce. Tara suka juya.

"Baba, sun ragu a kan na rannan."

Baba ya daɗe yana kallon safunan da aka tara a gefe.

"Shago bakwai na shiga kafin nan," ya ce. "Na rannan da ka faɗa, babu wanda ya kai shi." Ya dafa akwatin. "Shekara talatin ina tsaron kayan mutane, ko allura ba ta ɓata ba. Sai na 'yata ne ya lalace a ƙarƙashin gadona, ina kwance a kai."

"Ba duka ya tafi ba, Baba. Kada a sayar a dunƙule. Zan sauya batiran, in sayar ɗaya-ɗaya, a gabanka in kana so. Ba zan ɗauki ko kwabo ba."

"In na ce duk da haka ba zan ba ka ita ba fa?"

"Zan sauya batiran dai."

Baba ya ɗauki ruwan ya shanye. Ya zaɓi waya ɗaya daga ukun da ba su juya ba, ya sa a aljihu, ya miƙe.

"Ka turo manyanka."

Da yamma, Alƙali bai gama gaskata kunnensa ba, sai saƙon Auta ya shigo.

"Alƙalina, na yi maka mummunan zato, kuma kwana goma sha huɗu ban ji daɗin komai ba. Ka yafe mini."

"Malamata, ni ma da laifina. Na cika ki da maganar waya, ban faɗa miki abin da ya fi ta ba. Ina son ki. Tun ranar safa."

An ɗaura auren bayan wata biyu. Ba a yi wani gagarumin taro ba, abin da wayoyin suka kawo gado ya saya da kujeru uku da tukwane. Ɗan Kwalisa ya aiko da saƙon taya murna daga wata sabuwar lamba.

Washegari da safe suna karyawa a sabon ɗakinsu wayar Auta ta yi ƙara. Baba ne, da wayar da ya ajiye wa kansa, kiransa na farko da ita. Ya tambayi lafiyarsu a gajarce, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ce sai anjima.

Sai dai bai iya kashewa ba. Suka ji ya ajiye ta a kan tebur, suka ji jan kujera, sannan muryarsa yana magana da Mama.

"Na so in kai ta da abin da za a yi shekara ana zancensa. Kujera uku na iya."

"Ka kai ta gidan da ba za a yi mata ƙarya ba," in ji Mama. "Sha shayinka."

Sai Baba ya fara addu'a ƙasa-ƙasa, yana ambaton su biyun, yana roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari da arzikin da zai ɗore. Da ya zo kan angon, bai ce mijin Auta ba. Cewa ya yi ɗana.

Alƙali ya miƙa hannu zai kashe, don kunya. Auta ta riƙe hannun, hawaye na bin fuskarta.

"Bar shi ya gama," ta ce.

Suka zauna suna cewa amin, Baba kuwa bai san suna ji ba.